Yadda za ka kula da rufin gidanka kafin ya kai ka ga sauya kwano

Rufin kwano ba ya mutuwa dare ɗaya. Ƙarfe ne da aka yi wa siririn shafe don kare shi daga tsatsa, kuma muddin ruwa na zuba yana wucewa, shafen zai daɗe yana aikinsa. Abin da ke cinye shi danshi ne da ya samu wurin kwana. Don haka aikinka bai wuce hana ruwa zama ba, kuma dubawa sau 2 a shekara ta isa: kafin damina ta faɗi, da bayan ta ɗauke.

Fara daga cikin ɗaki. Ɗaga kai ka dubi silin, ka nemi tabo, kumburi ko inda fenti ke ɓarewa. Idan akwai kafar leƙa saman silin, leƙa da rana. Duk inda haske ya ratso ta kwano, nan ruwa zai biyo. Sai dai ka sani, ba lallai hujin ya zama daidai saman tabon ba. Ruwa kan bi jikin katako ya gangara kafin ya ɗiga, saboda haka ka nemi ɓarnar can sama da tabon. Ka danna katakon da sukudireba, in ya lotsa, ya fara ruɓewa ko gara ta shige shi.

Sannan ka hau, da safe bayan raɓa ta bushe, kafin kwano ya ɗau zafi. Wani ya riƙe maka tsani, ka sa takalmi mai ƙasan roba, ka yi nesa da wayar lantarki. Ka riƙa taka layin ƙusoshi kawai, domin nan ne katako ke ƙarƙashi. Rufin bene ko mai gangara sosai, bar wa kafinta. Babu kwanon da ya kai ƙashin bayanka daraja.

Share ganye, ƙura da kashin tsuntsaye, musamman a kwarin da rufi biyu suka haɗu da kuma cikin indararo. Kwashe duwatsu da tsofaffin tayoyin da aka danne kwano da su. Ɗaga ɗaya ka gani, za ka tarar da zoben tsatsa a ƙarƙashinsa. Sare reshen da ke gugar rufi. Wanke da ruwan sabulu da burushi mai laushi daga sama zuwa ƙasa, ka ɗauraye, ka zuba bokiti guda ka ga ko ruwan na fita ba tare da ya tsaya ba.

Yanzu ga inda ya kamata ka ɓata lokaci: ƙusa. Kwano na buɗewa da zafin rana, ya tsuke da sanyin dare, wannan motsin na kullum shi ke zaro ƙusa a hankali, rana kuma ta busar da robar da ke wuyanta har ta tsage. Bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ɗago, kada ka maida ta da guduma ka wuce, raminta ya riga ya yi faɗi, za ta sake fitowa. Cire ta, ka sa wadda ta ɗan fi ta kauri mai sabuwar roba, a kan tudun kwano, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Kar ka buga har kwanon ya lotsa.

Tsatsar da ba ta huda ba, kankare ta da burushin waya, ka goge ƙurar, ka shafa jan fenti mai hana tsatsa, in ya bushe ka bi da fentin rufi. Ƙaramin huji kuwa, tsabtace wurin ya bushe, ka liƙe da tef mai kwalta. Fallen da ya zama rariya, shi kaɗai za a cire a sauya.

Tsohon rufin asbestos, wato fallen nan mai kama da siminti, kada ka kankare shi, kada ka yanka, ƙurarsa na lalata huhu. Wannan aikin ƙwararru ne.

Ranar da aka yi ruwan farko, sake leƙa saman silin da tocila tun ana cikin ruwan. Inda ka ga ɗigo, sa alama da alli, ka koma masa da zarar kwano ya bushe.