Masu shuka agabe, a rage taki

Salamu alaikum 'yan uwa. Agaben nan mai ƙaya a bakin ganye, irin wanda ake murza igiya da zarensa, asalinsa Meziko ne, ya saba da ƙasa maras ƙarfi. Jigawar Damagaram ta ishe shi.

Bara na zuba wa nawa takin zamani na ire (yuriya) da yawa, wai ya yi sauri. Ganyen ya yi kore shar amma ya yi laushi, ruwan Agusta na kwanta a gindin sai ya ruɓe. Da na tumɓuke shi, har wari yake.

Yanzu ruɓaɓɓen kashin awaki nake sa, tafi ɗaya farkon damina, nesa da gindi, da ɗan toka saboda sinadarin fotashiyam. In wurinku laka ne, ku gauraya da rairayi tukuna.