Kurakuran da aka fi yi wajen amfani da who, which, whose da where

Yawancin kurakuran da ɗalibai Hausawa ke yi a wannan babi na nahawun Turanci suna da tushe a yadda Hausa take gina jimlar da ke ƙara bayani a kan suna. A Hausa, kalmar “da” kaɗai tana haɗa bayani da kowane suna, ko mutum ne, ko abu, ko wuri, ko lokaci, sannan wanda, wadda da waɗanda suna bin jinsi da adadi. Turanci bai damu da jinsi a nan ba, abin da yake dubawa shi ne ko mutum ake nufi, sai a sa who, ko abu ne, sai a sa which.

Ɗaya daga cikin kurakuran da ake yawan yi shi ne maimaita wakilin suna. Bahaushe yakan ce “yaron da na ba shi littafi”, kuma maganarsa daidai ce, amma idan ya ɗauko wannan “shi” ya kai Turanci, sai ya rubuta “the boy who I gave him the book”. Him ba ta da gurbi a nan, domin who ta riga ta tsaya a madadin yaron. Abin da ya dace shi ne “the boy I gave the book to”, ko “the boy to whom I gave the book” a rubutu na hukuma. Haka nan “manomin da gonarsa ta ƙone” ba ya zama “the farmer who his farm burnt”. Whose ce ke ɗaukar mallaka, wato “the farmer whose farm burnt”.

Where kuma ba kowane sunan wuri take bi ba, ko da yake ɗalibai da yawa sun ɗauka haka. “Kano is the city where I was born” daidai ce, saboda a cikin garin aka yi haihuwar. “Kano is the city where has Kurmi Market” kuskure ce, domin garin ne yake da kasuwar, don haka which ko that ake bukata. Hanyar gwadawa ita ce a musanya where da “in which”, “at which” ko “on which”. Idan jimlar ta ƙi tsayuwa, to where ba ta dace ba. Wannan gwajin yana aiki ga when ma.

Idan bayanin ƙari ne kawai game da wanda aka riga aka sani, ana kewaye shi da waƙafi, kuma that ba ta shiga: “Abubakar Tafawa Balewa, who was Nigeria's first Prime Minister, was born in 1912.”