Shawara ga ƙungiyoyin unguwa kan rajistar zaɓe

Salamu alaikum 'yan uwa na Garwa, Marwa da Ngaundere. A dokar Kamaru, hukumar zaɓe ta ƙasa, wato ELECAM, na buɗe rajistar masu zaɓe daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Agusta, amma a shekarar zaɓe ana rufewa da zarar an sa ranar jefa ƙuri'a. Kyauta ce, ga duk ɗan ƙasa mai shekara 20 zuwa sama.

Inda gizo ke saƙa shi ne katin ɗan ƙasa, wanda ake nema wajen rajistar. Da yawa daga iyayenmu mata da matasan karkara ba su da shi, wasu ma ko takardar haihuwa babu, sai an bi ta kotu. To nan ya kamata ƙungiya ta fara: ku zauna da jauro, wato mai unguwa, a rubuta sunayen marasa takardu tun da wuri, 'yan adashe su taimaka da kuɗin mota.

Sannan ku je ofishin ELECAM na yankinku ku roƙi su kawo na'urarsu ta rajista ranar kasuwa, liman ya sanar bayan Juma'a. Don Allah kada a sa rigar jam'iyya a wurin, mutane gudu suke yi.