Shawara ga masu hawa BRT da jirgin ƙasa a Legas

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman sababbin zuwa daga Arewa. In za ku hau bas ɗin BRT (manyan motocin haya masu layinsu na musamman a titi) ko jirgin ƙasa na Red Line da ke tsayawa a unguwar Agege, ku nemi katin biyan kuɗi na Cowry na LAMATA, hukumar sufurin Legas, don ba a karɓar tsabar kuɗi a ciki.

Abin da ya fi cin mutane shi ne sauka. Ka ɗora katin a kan na'ura lokacin shiga, amma sai ka sake ɗorawa a inda ka sauka, in ba haka ba, za a cire maka kuɗin zango mafi nisa. Ni kaina sau biyu na yi wannan asara, hankalina na kan kaya.

Ku zuba kuɗi tun da daddare ta manhajar Cowry, domin layin zuba kuɗi da safe a tashar Oshodi ba wasa ba ne.