Yadda za ka ci moriyar na'urar sauraron waƙa mai tsada da hedifon mai kyau

Idan ka sayi irin ƙananan na'urorin nan na jin waƙa masu tsada, su Astell&Kern, FiiO, iBasso, Shanling ko Walkman ɗin Sony na yanzu, kar ka zaci da ka jona hedifon shikenan sauti zai fito garau. Da yawa suna saya su ce ba su ji bambanci da waya ba, alhali matsalar na wajen haɗin na'urar da hedifon ne, sai kuma irin fayil ɗin da aka zuba mata.

Fara da hedifon ɗin, don shi ne kan gaba. Duba kwalinsa za ka ga wata lamba da aka rubuta ohm a gefenta, ma'aunin yadda hedifon ke turje wa wutar lantarki ne. Ƙananan iyafis masu shiga cikin kunne yawanci 16 zuwa 32 ne, ba sa neman ƙarfi. Manya kuwa irin Sennheiser HD 600 da HD 650 ohm 300 ne, Beyerdynamic DT 770 Pro ma kala uku yake zuwa, akwai 32, akwai 80, akwai 250, to ka san wanne ne a hannunka. Daga nan shiga saitin na'urar ka nemo inda aka rubuta Gain, wato saitin ƙarfin da na'urar ke tura wa hedifon. In iyafis ne ka bar shi a Low, don in ka kai High za ka riƙa jin wani shhhh a ƙarƙashin waƙar musamman inda kiɗa ya lafa, kuma kana ɗan taɓa maɓalli ƙara ta yi tsalle. In babban hedifon ne kuma ka ga ka kusa ƙure ƙarar amma ganga ba ta da nauyi, muryar mawaƙi kamar daga bayan ƙofa take fitowa, to ƙarfi ne bai ishe shi ba, ɗaga zuwa High. Amma fa ohm ba shi kaɗai ba ne, wasu na Hifiman lambarsu ƙasa take amma cin ƙarfi gare su, kunnenka ne zai faɗa maka.

Sai ramukan jonawa. Akwai 3.5mm da kowa ya sani, akwai 4.4mm na balans, wato jonin da kowane kunne ke da wayoyinsa daban, wasu tsofaffin kuma 2.5mm. A yawancin na'urorin nan ramin balans ya fi ba da ƙarfi, shi ya sa yake dacewa da manyan hedifon, sai dai dole ka samo kebul da aka yi don shi, kuma hedifon ɗin ya zama wanda ake cire kebul ɗinsa. Don Allah kar ka sa adafta ka tura kan 3.5mm cikin ramin 4.4mm, wayoyin da bai kamata su haɗu ba za su haɗu, kana iya ƙona amfilifayar na'urar, wato sashen da ke ƙara wa sauti ƙarfi, gaba ɗaya. Wannan ba wasa ba ne.

Maganar waƙoƙi, ka nemi fayilolin da ba a yanke komai daga sautinsu ba, wato FLAC, ko WAV, ko ALAC in ka fito daga ɓangaren Apple. Ingancin faifan CD wato 16-bit/44.1kHz ni a ganina ya wadatar, waɗanda lambobinsu suka fi na CD, su 24-bit/96kHz da nau'in fayil na DSD, in ka samu madalla, amma waƙar da aka haɗa da kyau a situdiyo ta fi manyan lambobi amfani nesa ba kusa ba. Kuma juya MP3 zuwa FLAC ɓata wuri ne kawai, abin da aka yanke ya riga ya tafi. Albam ɗaya na FLAC kan ci wajen 300MB zuwa 400MB, don haka sai da memori microSD mai girma, ka yi masa fomat a cikin na'urar kanta, ka jera foldoji sunan mawaƙi sannan sunan albam, ka bar ta ta gama sikanin kafin ka fara lalube.

Bluetooth kuwa, gaskiya in da shi za ka riƙa ji to ba ka amfana da abin da ka saya ba, don a lokacin kayan cikin hedifon ne ke sarrafa sautin, na cikin na'urar suna zaune ne kawai. In ya zama dole zaɓi LDAC, wani tsarin tura sauti ta Bluetooth, yana kaiwa 990kbps idan hedifon ɗin na karɓa.

Abin da aka fi rainawa shi ne robar bakin iyafis. Gwada duk girman da suka zo a kwali, wanda ya toshe kunnen sosai har ka ji hayaniyar waje ta ja baya shi ne naka, in akwai 'yar kafa ganga duk sai ta zube. Hedifon mai buɗaɗɗen baya kuma na ɗaki ne, a mota ko cikin jama'a kowa zai ji abin da kake ji, kai ma za ka ji nasu.

Ka kula da kunnenka fa. Sauti mai tsabta yana da yaudara, tunda ba ya ƙarce kunne sai ka yi ta ƙarawa ba ka sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga babba desibel 80 na awa 40 a mako shi ne iyaka, kana ƙara sama lokacin na raguwa da sauri. Kullum rage ƙarar kafin ka jona, musamman in daga babban hedifon za ka koma iyafis, in kuma ka cire ka ji kunne na ƙugi to ka wuce gona da iri, ka huta.

Batir kuma, High da balans da DSD su ne masu shanye shi, in ba ka jin waƙa ta intanet kashe Wi-Fi, kar ka bari caji ya riƙa kaiwa sifili, kar kuma ka bar na'urar cikin rana ko rufaffiyar mota mai zafi.