Kafin ka sayi matatar ruwa, san ruwan gidanka tukuna

Babban kuskuren da ake yi shi ne sayen na'ura ba a san ciwon ruwan ba. Mutum ya shiga kasuwar Sabon Gari a Kano, mai shago ya tsoma ɗan abin awo a kofi, lamba ta fito, sai ciniki. Alhali abin nan gishiri da ma'adinan da suka narke kawai yake aunawa, bai san ƙwayar taifod ko ta kwalara ba. Ruwan famfo daga tashar tace ruwa ta Tamburawa daban, na burtsatse daban, na 'yan ga-ruwa kuwa sai Allah. Ɗebi kwalba guda ka kai ɗakin gwaji tukuna.

Mazauna wajen Sharaɗa, Challawa da Bompai, inda masana'antu suke, musamman na jimar fata, su suka fi bukatar wannan gwaji. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire dalma ko sinadarin jima. Nan ne na'urar RO, mai matsa ruwa ta cikin wata siririyar fatar tacewa, ke da rana. Sai dai tana son wuta ko ƙarfin famfo, kuma ƙananan na gida sukan zubar da ruwa fiye da wanda suke tacewa. In jarka kake saye, tari wanda take zubarwa a yi shara da wanki.

Matata mai fitilar UV, wato hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta, ita ma sai da wuta, kuma ba ta aiki a ruwa mai dauɗa. Matatar gawayi wari da ɗanɗano take gyarawa. Alif kuwa kwantar da laka kawai yake yi. Ruwa ya yi garau ba shi ne ya tsarkaka ba. Bi shi da tafasawa, ko ka sa kulorin ka jira minti 30.

Na taɓa buɗe matatar gidan Yayata, shekara biyu ba a canja abin cikinta ba. Ya yi baƙi, yana santsi kamar gansakuka. "Ai mai tsada ce," in ji ta. Tun a shago ka tambaya: ana samun abin canjin a nan Kano, nawa ne, kuma wata nawa yake yi?

Sai randa. A tace ruwa tsaf, a juye a randa ba murfi, yaro ya dawo daga wasa ya tsoma moɗa har da hannu. Samo bokiti mai murfi da famfo a gindi, tankin sama kuma a riƙa wanke shi, ko sau biyu ne a shekara.