Bidiyo na tsayawa tana juyi? Ba kullum ne laifin rezo ba

Wallahi na gaji da ganin abu guda kullum a fada. Mutum ya kunna bidiyo, ɗan zoben nan ya kama juyi tsakiyar allo, sai ya hau zagin rezo, ya tashi ya sake sayen forfe, gobe ma haka. Alhali rabin matsalar tana cikin salularshi.

Mu fara da kalite, watau kyawon hoton bidiyo. YouTube na barin ta bisa oto, watau shi ke zaɓa maka, da ya ga rezo ya ɗan yi ƙarfi sai ya haye 720p ko 1080p, rezo na sauka bidiyo ta tsaya cak kuma megas ɗinka sun riga sun tahi. Su kansu masu YouTube sun ce 1080p na son gudun megabit 5 a sakan, 720p na son 2,5, 480p 1,1, shi ko 360p 0,7 ta ishe shi. In ka lissafa, awa guda bisa 1080p ta haura jiga 2, bisa 360p kuwa wajen mega 300 ne. To don Allah a ɗan allon salula mi za ka gani a 1080p da ya kai wannan asara? Taɓa bidiyon, danna ɗan tauraron saiti da ke sama, ka zaɓa da hannunka. Ni 360p nike sawa, wa'azi ko labarai ma 240p, tunda murya nike bi.

Sannan sandunan rezo da kuke dubawa, ƙarfin sigina kawai suke nunawa, ba gudun intanet ba. Dubi harafin da ke gefensu. In ka ga E, aje wayar, 2G ce, ba ta ɗaukar bidiyo ko sanduna sun cika. H+ da dama-dama, 4G ita ce magana. Ko 4G ɗin ma bayan isha'i, lokacin da duk unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo na Maraɗi kowa ya hau TikTok, mutane da yawa ne ke raba antena guda, dole ta yi nauyi. Ni abin da nike son kallo, da sassafe nike sauke shi, in kalla da dare hankali kwance.

Yanzu ga wadda ke ƙona mini rai: lien ɗin kallon ƙwallo kyauta da ake turowa a gurup na WhatsApp. Ranar babban wasa sai ka ga an watso shi, ka danna, shafi ya buɗe wani shafi, wani ya ce wayarka ta kamu da birus, wani ya ce sai ka sauke aplikasiyo kafin hoto ya fito. Ƙarya ce! Shafin intanet ba shi da hanyar bincika cikin wayarka haka. Irin wannan aplikasiyon ta taɓa shiga tawa, talla ta dinga faɗowa ko ina cikin kira, batir na zuba kamar an huda tulu, kiredi na raguwa ban kira kowa ba. Ƙarshenta sai da mai gyara a babbar kasuwa ya wanke wayar gaba ɗaya, hotunan sunan ɗiyata duk suka tahi, har yau abin na cina. Kuma ina ganin samari na yin haka suna dariya, wai ai kyauta ne. Wace kyauta? Aplikasiyon kallon ƙwallo da ke neman izinin karanta saƙonninka da lambobin mutanenka, mi ya haɗa ta da su? Duk abin da ba daga Play Store ya fito ba ni ba ni sa shi, in wasa ya matsa mini gidan kallo nike zuwa in biya kuɗina.

Sauran ƙanana ne. VPN na kyauta (aplikasiyon da ke bi da intanet ɗinka ta wata hanya) da ka manta a kunne na rage gudu, kashe shi. In ka buɗe ma abokai partaj, watau ka raba intanet ɗin wayarka da su, kar ka yi mamaki in taka bidiyon ta tsaya. Play Store na sabunta aplikasiyo a ɓoye, maida shi sai da wifi. Kwanan wata in ya rikice a waya shafuka da yawa sun ƙi buɗewa, gyara shi. Masu zuwa wajen Ɗan Isa, kusa da iyaka, ku lura waya na iya kama rezon Najeriya, ku kashe romin.

Zafi ma na cikin lissafi. Watan Afrilu ana sama da digiri 40, waya na jone a caji cikin fata mai kauri kana kallo, da kanta za ta rage gudu don kar ta lalace, hoto ya kama sarƙewa. Cire cajin, cire fatar, aje ta inuwa ta huce.

In aplikasiyo guda ce ke gardama sauran na tahiya, shiga saiti ka share kash ɗinta, watau tarkacen wucin gadi da take ajewa. Amma ka duba da kyau, maɓalli biyu ne kusa da juna, ɗayan na share bayanai duka ne, shina fidda ka daga kont ɗinka. In ka san ba ka riƙe lambar sirrinka ba, kar ka taɓa shi.